Baƙin Tsuntsaye da Murar Tsuntsaye

Jawabin da wani jami'in kula da lafiyar dabbobi ya yi wa hakimai da malamansu a Dugabau, ƙasar Kabo

 Na san lokacin kaka ne, kowa hankalinsa yana gona. Dalilin da ya sa ba mu jira har rani ba shi ne, abin da zan yi magana a kansa yanzu ya ke kan hanya, watau tsuntsayen da su kan zo mana daga arewa in ruwa ya ɗauke.

Ba sai na koya wa Bahaushe cewa tsuntsu yana ƙaura ba. Kowa a nan ya san shamuwa. Da bazara ta kan sauka ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, manomi ya gan ta ya fara gyaran fartanya, yara kuma an hana su jifarta. In damina ta ƙare sai ta tashi ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ba ta fita daga nahiyar nan. Amma akwai wasu waɗanda tafiyarsu ta fi tata nisa ƙwarai. Su a Turai da ƙasar Rasha su ke yin ƙwai su ƙyanƙyashe. In sanyin can ya matso, ruwa ya fara daskarewa, sai su taso su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su iso mana wajen Oktoba da Nuwamba, su yi hunturu a fadamu da tafkuna, kāna su koma wajen Maris. Cikinsu akwai agwagin ruwa iri iri, da 'yan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo. Wadda ta fi yawa cikin agwagin ita ce wata 'yar ƙarama da Turawa ke kira gargani, namijin yana da farin zane bisa idonsa. Masunta sun san ta ko ba su san inda ta fito ba.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu su ke zuwa da hunturu ba, har waɗansu masana na dā sun ce tsattsewa cikin taɓo ta ke shigewa ta yi barci sai bazara. A shekarar 1822 aka harbo wani galantoyi a arewacin Jamus, aka tarar da māshi irin na mutanen Afirka soke a wuyansa. Watau wani maharbi ya jefe shi a nan nahiyarmu, bai mutu ba, ya tashi da māshin ya kai shi har Jamus. An ajiye tsuntsun nan da māshinsa a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, mai suna Mortensen, ya soma ɗaura wa tsuntsaye 'yar zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba da adireshi a jiki, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko masa da labari. Wannan dabara tasa ita a ke bi har yau a duniya. A ƙasarmu ma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos, inda a ke sa irin wannan zobe.

Ku lura da abu guda game da zoben nan. Ba ya faɗin kome sai in wani ya tsince shi ya kai rahoto. Mai ɗaurawa ya san rana da wurin da ya ɗaura. Rana da wurin da tsuntsun ya faɗi kuwa, sai mutumin ƙauyen da ya tsince shi ne ya sani. In ya jefar da zoben, ko ya ba yaro ya yi wasa da shi, to, aikin ya tashi a banza. Zan komo kan wannan.

Yanzu ga maganar cutar. Murar tsuntsaye ƙwayar cuta ce wadda asalin gidanta jikin tsuntsayen ruwa ne. Tana da iri da yawa, mafi yawansu ba su yi wa tsuntsu kome. Amma akwai masu zafi, waɗanda in sun shiga akurki su kan share shi cikin kwana biyu ko uku. Wadda ta fi suna ita ce a ke kira H5N1. An same ta a jikin wata dinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida su ka rasu. A 2005 sai ta auka wa tsuntsayen daji a tafkin Qinghai, can yammacin Sin, fiye da dubu shida su ka mutu. Daga nan ta yi ta bin ƙasashe tana yin yamma, Rasha, Turkiyya, Romaniya, kafin shekarar ta ƙare.

A cikin Janairu na 2006 kaji su ka fara mutuwa dubu dubu a wata babbar gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna. Aka aika da samfur zuwa Padova ta ƙasar Italiya, ran 8 ga Fabrairu aka ba da sanarwar cewa ita ce. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da H5N1 a nahiyar Afirka. Cikin 'yan kwanaki aka same ta a gonakin kaji na Kano, kafin watan ya ƙare kuma aka same ta a jikin agwagin gida a Magarya, Jamhuriyar Nijar, kusa da iyakarmu. A Janairu na 2007 wata mace ta rasu da ita a Legas. Tsakanin 2006 da 2008 an yi asarar tsuntsaye fiye da miliyan guda a Nijeriya, waɗanda su ka mutu da kansu da waɗanda hukuma ta kashe domin tsai da annobar. Ta lafa, ta sāke ɓullowa a Kano da Legas a farkon 2015, ta kuma komo a 2021.

Tun ran farko mutane su ka rabu biyu a kan wanda ya kawo ta. Waɗansu su ka ce baƙin tsuntsaye ne, ga shi lokacin hunturu ne, suna nan cike da fadamu. Waɗansu su ka ce a'a, 'yan tsaki da ƙwai da a ke shigowa da su daga ƙasashen waje ne. Masana da su ka duba ƙwayar cutar daga gonaki dabam dabam sun tarar zuriya uku ce, watau ba shigowa ɗaya ta yi ba. Amma wannan bai raba gardamar ba, gama tsuntsu na iya zuwa sau uku, jirgi ma haka.

Saboda haka aka ce a je a tambayi tsuntsayen da kansu. Wurin da aka zaɓa shi ne fadamun Haɗejiya da Nguru, domin babu inda baƙin tsuntsaye su ke taruwa a arewacin Nijeriya kamar can. Kada ku ce wannan wuri ya yi mana nisa. Ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Kabo da Gwarzo da Karaye cikin Kogin Challawa ya ke zubawa, Challawa ta haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejiya, shi ne ya ke malala ya cika fadamun nan. Abin da mota za ta yini tana tafiya kuwa, agwagwa ta kan yi shi cikin dare ɗaya.

A cikin Fabrairu na 2007 ma'aikatan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da masana daga Faransa da Amurka da na gida, su ka kama agwagin ruwa a can. Kowace aka auna ta, aka shafo majina daga maƙogwaronta da kashi daga bayanta da 'yar auduga, aka sa cikin kwalba. Waɗansu kuma aka goya musu wata 'yar na'ura a baya, wadda ba ta kai nauyin ƙwan kaza ba. Hasken rana ke ba ta wuta. Lokaci lokaci ta kan aika da sigina zuwa tauraron ɗan Adam, shi kuma ya sauko da labarin zuwa kwamfuta, sai mutum yana zaune a ofis ya ga inda tsuntsun ya kwana jiya da inda ya yini yau. Da haka aka bi gargani tana ƙetare Sahara ta nufi wuraren ƙyanƙyasarta a arewa, aka ga inda ta ke yada zango ta huta.

Abin da ya fi ba da mamaki ba daga baƙin ya fito ba, daga 'yan gida ne. Sa'ad da sakamakon kwalaben ya dawo, sai aka tarar da wata mura mai zafi, irin da a ke kira H5N2, a jikin ƙirinjijiya da dinyar daji, tsuntsayen da ke tare da mu shekara duka. Dukansu lafiyarsu ƙalau sa'ad da aka kama su. Ɗaya daga cikin ƙirinjijiyar nan kuwa an riga an goya mata na'ura an sake ta. Aka zuba ido a ga ranar da za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Fiye da wata guda a ke binta, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita har wajen Tafkin Cadi. Daga nan aka san cewa tsuntsun daji na iya ɗaukar mura mai zafi ya yi ta shawagi da ita, ba wanda zai gane daga kallo. Amma gaskiya ta kan zo da ƙafa biyu. Ita H5N1 ɗin da ke kashe kajinmu a lokacin, an gwada dubban tsuntsayen daji masu lafiya a Afirka a shekarun nan ba a same ta a jikinsu ba.

Sa'an nan a cikin Yuli na 2008 wata sabuwar zuriyar H5N1 ta ɓulla a Kano da Katsina, da kuma kasuwannin tsuntsaye a Gombe da Kebbi. Yuli tsakiyar damina ce, baƙin tsuntsaye sun bar ƙasar nan tun watanni. Masana a lokacin su ka fi karkata ga cewa ciniki ne ya kawo ta. Daga baya kuma abin ya juya. A Janairu na 2017 tsuntsayen ruwa masu ƙaura su ka yi ta mutuwa a bakin Tafkin Biktoriya a ƙasar Uganda da wata mai suna H5N8, a Janairu na 2021 kuma kwasakwasa wajen 750 su ka mutu a gandun tsuntsaye na Djoudj a Senegal. Binciken da aka yi ya nuna tsuntsaye masu ƙaura suna da hannu wajen ƙetaro da cutar daga Turai da Asiya zuwa Afirka.

In kun tambaye ni abin da na fahimta daga duk wannan, sai in ce tsuntsun daji na iya kawo ta bakin ruwa, amma daga bakin ruwa zuwa akurki, daga akurki zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gari goma, wannan aikin ɗan Adam ne. Kwandon dillali ne, da takalmin mai sayen ƙwai, da buhun takin kaji da a ke kai wa masu noman rani, da agwagwar gida wadda ta yini a tafki tare da ta daji ta komo ta kwana da kaji. Ga misali na kusa. A ƙarshen 2024 wani matashi a Gwale, cikin birnin Kano, ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza, a kan hanyar nan ta Gwarzo da ku ka sani, ya haɗa ta da kajinsa da zabinsa. Mafi yawansu su ka mutu, a farkon Janairu na 2025 aka tabbatar murar tsuntsaye ce. Ni ban ga laifinsa ba, abin da kowa ke yi ya yi. Har ma ya yi abin da mutane da yawa ba su yi, ya kai wa likitan dabbobi. Agwagwa ita ce abin tsoro a nan, domin ta kan ɗauki cutar ba ta nuna ba. Duk tsuntsun da aka sayo daga kasuwa a keɓe shi shi kaɗai mako biyu a ƙalla kafin a haɗa shi da na gida.

To, wani zai ce, in haka ne me zai hana a ba maharba harsashi su share tsuntsayen da ke sauka a madatsar Guzuguzu da ta Magaga da ta Challawa? Ranku ya daɗe, ina roƙonku in wani ya kawo muku wannan shawara ku ƙi ta. Hukumomin lafiyar dabbobi na duniya duka sun hana. In an harbi garke guda, goma za su faɗi, ɗari su watse zuwa tafkunan da dā ba su zuwa, in da cutar a jikinsu an rarraba ta ke nan. Waɗanda su ka faɗi kuma hannun mutum ne zai fige su, kare ya ci hanjin, ungulu ta ci saura. A Burkina Faso an sami H5N1 a jikin ungulu a 2006. Ban da haka, tsuntsayen nan suna cin fāra da ƙwari a gonakinmu, ba kuwa namu ba ne mu kaɗai, na mutanen ƙasashen da su ke ratsawa ne duka.

Abin da Gwamnati ke bukata daga gare ku bai kai wannan wahala ba. Ido ne da alƙalami. Na'urar da na ba ku labari tana da tsada, tsuntsaye kaɗan ne cikin dubbai ke ɗauke da ita, kuma ba ta iya gaya wa kowa cewa jiya an wayi gari da belbela bakwai a mace a bakin rafin Dugabau. Wanda ya san wannan shi ne yaro mai kiwo, da masunci, da mai lambu. Shi zai gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya aiko wa hakimi. Wannan hanya ta girme mu duka, ita aka bi a zamanin da a ke yaƙi da bushiya a shanu, ba mu kuwa da wadda ta fi ta sauri a ƙauye. Ina so ku kira sarkin ruwa da sarkin baka na kowane gari ku gaya musu da bakinku, gama su ne ke bakin ruwa da asuba.

Ku kuma malamai, ga naku. Kowa ya ware shafi cikin littafin ofis domin wannan al'amari. In rahoto ya zo, a rubuta ranar da aka ga abin, ba ranar da labarin ya iso ofis ba, gama su kan bambanta da kwana uku ko huɗu, wannan bambanci kuwa shi likita ke nema. A rubuta sunan tafkin ko rafin da ƙauyen da ya fi kusa, da irin tsuntsun da sunan da mutanen wurin ke kiransa, da adadinsu. In ba a ƙidaya ba a rubuta ba a ƙidaya ba. Na sha karanta rahoton da ya ce "tsuntsaye da yawa sun mutu", in na je in tarar uku ne, wata rana kuma in tarar ɗari biyu. A ƙara da ko kajin garin suna mutuwa, da ko an sayo sababbi daga kasuwa cikin mako biyun da su ka wuce, kuma wace kasuwa. Sa'an nan a buga wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma waya a ranar, takarda ta biyo baya. Shi zai ɗebi samfur a aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato. Da zafin ƙasarmu mushe ba ya jira, in ya kwana biyu a rana ba sauran abin da za a gwada.

Kaza ɗaya ta mutu ba abin tada hankali ba ne, kuma akwai annobar kaji da mu ka saba gani kowane hunturu wadda ba wannan ba ce. Abin da zai sa a hanzarta shi ne a ga suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi baƙi, jini ya kwanta ƙarƙashin fatar ƙafa. Ido ba ya raba su sarai, gwaji ke rabawa. Kafin likita ya iso kada a taɓa mushen da hannu tsirara, kada a bar yara kusa, kada kuma a yi saurin yanka masu ciwo a kai kasuwa. Na san wannan na ƙarshe shi ne mai wuya. Matar da kajinta goma ne dukiyarta, ta ga biyu sun faɗi, zuciyarta za ta ce ta sayar da takwas tun da sauran numfashi. A 2006 diyyar da aka fara biya naira 250 ce kan kowace kaza, masu kaji su ka ce ba ta kai kuɗin kasuwa ba, da yawa su ka ɓoye ko su ka sayar da dare, cutar ta bi kajin. An ƙara kuɗin daga baya, amma ɓarna ta riga ta auku. Abin da zan iya gaya muku shi ne, wanda ba a rubuta sunansa da adadin tsuntsayensa ba, ba ya cikin lissafin kowace diyya. Saboda haka littafin malami kariya ce ga talaka, ku fahimtar da su haka.

Saura maganar zobe da na ce zan komo kanta. In maharbi ko masunci ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa, ko da 'yar na'ura mai siririyar waya a bayansa, kada a tsorata shi, kada a ci shi tara, in ba haka ba gobe zai jefa ta cikin ruwa ya yi shiru. Ba asiri ba ne, ba kuwa leƙen asiri ba. A ƙasar Masar a 2013 wani mutum ya kama galantoyi mai irin na'urar nan ya kai shi ofishin 'yan sanda, aka tsare tsuntsun ana zaton ɗan leƙen asiri ne, sai da aka bincika aka tarar masana tsuntsaye na Turai ne su ka ɗaura masa. Aka sake shi, ba da daɗewa ba waɗansu su ka kama shi su ka cinye. In tsuntsun na da rai, a kwafe abin da ke jikin zoben a sake shi da zobensa. In ya mutu, a sa leda a hannu a cire zoben, a wanke shi da sabulu, a miƙe shi a manna a takarda. Malami ya kwafe lambar da haruffan daidai yadda su ke, harafi harafi, ko da bai san harshen ba, ya sa rana da wuri da yadda aka sami tsuntsun, ya ba malamin dabbobi. Sunan gari ko na gidan tarihi da ke jikin zoben shi ke nuna ofishin da za a aika wa, su kuma bisa al'adarsu su kan amsa su faɗi ƙasar da aka ɗaura shi da shekarar. In amsar ta zo za mu aiko da ita ofishin hakimi, a karanta wa wanda ya tsinto shi a gaban dagacinsa.

Na kawo zobe biyu da hoton na'urar, ga su nan a kan tebur, malamai su matso su duba kafin a tashi. Wanda ke da tambaya kuma ina saurare.